Turaren Jibo da Gwanki

Ku yaran yanzu, ku yi mini shiru, cika bakinku ya ishe ni!

A wani gari, gwanki ya addabi gonar geron wani tsohon maharbi, Nomau. Sai ga Jibo, saurayin da ke harbin ƙwarya daga taki ɗari ba ya kuskurewa.

Ya ce, "Baba, hannunka rawa yake yi, bar mini shi. In ka riga ni, ni zan ɗauko naman a kaina."

Nomau ya ce, "Ƙwarya ba ta da hanci, ɗana."

Jibo ya fito da farar riga, ya sha turare. Gwanki ya jiwo ƙamshi, ya zura. Kashegari ma Jibo ya sha turare, gwanki ya zura.

Rana ta uku Nomau ya watsa toka, ya ga inda iska ta nufa. Ya shafe jikinsa da laka, ya zagaya, ya ja ciki har saura taki goma. Kibiya ɗaya ta isa, gero ya tsira, gari ya ɗauki guɗa.

Jibo kuwa sawu huɗu ya yi da nama a ka ta tsakiyar kasuwa, jini na zuba a farar rigarsa. Har ta tsufa ba ta wanku ba.