Yaron Da Ya Bar Baya

A unguwar Ka'akiyya da ke Makka akwai wani yaro da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko a aji yake, ƙafarsa rawa take yi.

Kullum bayan La'asar yana zuwa atisayen ƙwallo. Kocinsu, Kabtin Idris, Musulmi ne ɗan ƙasar Holan. Shekara goma sha huɗu ya yi yana buga baya a ƙasarsu. Da gwiwarsa ta samu matsala, sai ya koma koyarwa, har aiki ya kawo shi Makka.

Kabtin ya ajiye yaron a baya. Yaron kuwa bai so ba ko kaɗan. Shi dai burinsa ya ci ƙwallo.

Ranar wasansu da yaran unguwar Aziziyya, babansa, direban bas a tashar Kudai, ya nemi izini a wurin aiki ya zo kallo. Bai taɓa zuwa ba. Yaron ya dubi ƙwallo, ya dubi babansa, ya kasa haƙuri. Saura minti biyar a tashi, babu wanda ya ci, sai ya ruga gaba.

"Koma wurinka!" Kabtin ya ɗaga murya.

Ya yi kamar bai ji ba. Aka ƙwace ƙwallon, aka bi ta gurbin da ya bari. Muhannad, golansu, ya fito shi kaɗai ya tari mutum biyu. Ƙwallo ta shiga raga, shi kuma ya faɗi a kan hannunsa, yatsansa ya goce.

A hanyar gida baban bai yi faɗa ba. Ya ce kawai, "Ya waladi, ɗana, abokinka ka bari."

Yaron ya kasa cin abinci. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya sake shiga. Washegari ya roƙi mamarsa ta raka shi gidan su Muhannad. Ya tarar da hannun a ɗaure, ya ba shi haƙuri yana hawaye. Muhannad ya ce komai ya wuce.

A wasa na gaba, Kabtin ya zaunar da shi a benci kusa da shi. Ya ce kada ya kalli ƙwallo, ya kalli Nawaf, ɗan wasansu na baya, shi kaɗai. Yaron ya yi ta mutsu-mutsu, amma ya kalla. Ya ga sau shida Nawaf yana tare hanya ba tare da ya taɓa ƙwallo ba.

"Kabtin, kai ƙwallo nawa ka ci?" yaron ya tambaya.

"Uku," in ji Kabtin cikin Larabcinsa mai tsinkewa.

"A shekara ɗaya?"

"A duk shekarun wasana. Amma golanmu bai taɓa waigawa ya rasa ni ba."

Bayan mako uku Muhannad ya warke, aka mayar da yaron fili. Ana cikin wasa, hanya ta buɗe a gabansa. Ƙafarsa ta motsa, amma ya tsaya. Nan take wani ɗan gaban abokan hamayya ya taho a guje. Yaron ya tare shi, ya fitar da ƙwallon waje. Suka tashi ɗaya da nema, Nawaf ne ya ci musu da ka.

Muhannad ya rungume shi, suka fita daga fili suna dariya. Tun daga ranar yaron ya gane cewa in an ba ka amanar wuri, ka riƙe shi, domin akwai masu dogara da kai.