Kunnen Dama na Injiniya

Auta na guga a falo mahaifinta ya yi sallama a taƙaice, ya ƙi zama.

"Ɗauko mayafinki mu tafi gida."

"Lafiya, Baba?"

"Lafiyar ke nan. Sau uku ina yi wa mijinki sallama a ƙofar shagonsa, ina tsaye a bayansa, ko waiwaye bai yi ba. Makon jiya ma haka ya yi wa kawunki. Ba zan bar 'yata a hannun wanda ya raina ni ba."

Ta zare wayar dutsen guga ta bi shi tana hawaye. Ta san dalili sarai, amma alkawari ya ɗaure ta. Mijin nata, wanda kowa ke kira Injiniya ko da yake bai taɓa leƙa jami'a ba, gyaran janareta yake yi, wuni yake kansa na jikin inji mai ruri. Shekara biyu ke nan jinsa na ja da baya, ita kuwa ta mai da kanta kunnensa. In baƙi suka zo sai ta zauna kusa da shi tana maimaita maganarsu kamar hira take, in an kira waya ita ke ɗauka. Shi ya roƙe ta kada kowa ya sani, wai kada masu kawo gyara su ce wanda ba ya jin kukan inji ina zai gane ciwonsa. A ganin Auta wannan shi ne so.

Kwana huɗu tana gidansu, a na biyar Injiniya ya zo ya durƙusa gaban Baba. Baba ya yi ta faɗa, shi kuma yana gyaɗa kai yana murmushi, kamar yadda ya saba in magana ta wuce shi.

"Kin gani ko? Dariya ma yake yi mini," in ji Baba, yana ɗaga murya don Auta ta ji daga ɗaki.

Auta ta fito daga bayan labule.

"Baba, wallahi ba raini ba ne, ba ya ji ne." Ta juya ga mijinta, ta matsa inda zai ga bakinta. "Na karya alkawari, ka yafe mini. Gara duniya ta sani da a raba mu."

Injiniya ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Baba dai bai gamsu ba, ya ce likita ne zai raba gardama.

Washegari su ukun suka je asibiti. Likitar ta leƙa kunnuwan da 'yar fitila, sannan ta sa shi a wani ƙaramin ɗaki, ta ɗora masa abin sauraro a ka, ta ce ya danna maɓalli duk sanda ya ji ƙara. Ta gilashi suna kallonta tana sakin ƙara, yatsansa ko motsi.

"Na hagu da sauƙi," in ji ta. "Datti ne kake turawa ciki da tsinken ashana, yau za mu wanke shi. Na dama kuwa ƙarar inji ce ta lalata shi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Za mu gwada na'urar ji, a wurin aiki kuma dole ka riƙa toshe kunne. Tun yaushe abin ya fara?"

"Shekara biyu," in ji Auta.

"Da tun lokacin kuka zo, da abin da ya rage masa ya fi haka nesa ba kusa ba."

Maganar ta soki Auta, don ta san da hannunta a ciki. Baba ma ya gane kuskurensa. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗar surukinsa ya ce, "Ni na yi gaggawa, ɗana. Ɗauki matarka ku tafi."

Faɗin gaskiya ya dawo mata da aurenta, amma bai dawo wa Injiniya da kunnen dama ba. Masoyi yakan rufa wa masoyinsa asiri a kan komai, ban da ciwon da likita zai iya tarewa.