Ƙwayar Ranar Asabar

"Husna, sati nawa ke nan ba ki sha ba?"

Ndanusa ya zo zance gidansu a Tudun Fulani, tana lalubar sandarta kwalin maganin ya faɗo daga jakarta. Ko buɗe shi ba a yi ba.

"Huɗu..." ta ce, kanta a ƙasa.

Wata takwas ke nan da likita ya gaya mata ƙashin ƙugunta ya fara mutuwa, jini ba ya kai masa. Maganin ƙiba da ta daɗe tana sha a ɓoye ne ya jawo. Ya rubuta mata ƙwaya ɗaya duk Asabar, da sassafe kafin ta ci komai. Sannan ya ce ban da ɗaukar ciki har ta gama, shekara biyu ko uku.

Wannan maganar Rukayat, 'yar kawun Ndanusa da ta daɗe tana son sa, ta kai wa mahaifiyarsa, Inna, a Paiko. Inna ta ce a dakatar da batun aure.

"Cewa na yi in na daina sha, Inna za ta yarda..." in ji Husna. "Ba na son in rasa ka."

Ndanusa ya dubi ƙafarta.

"Shi ya sa ɗingishin ya ƙaru," ya ce a hankali. "Masoyiyata, ke na gani na ce ina so. 'Ya'yan ma in sun zo, wa zai goya su in ƙafar ta tafi?"

Daga nan Paiko ya nufa, wajen Inna.

Ranar Asabar, rana ba ta gama fitowa ba, Husna ta ji sallama. Inna ce, ta biyo motar farko. Bayan sun gaisa da Umman Husna, da kanta ta ɗebo ruwa cike da kofi, ta ɓallo ƙwayar.

"Shekara bakwai na yi kafin in haifi Ndanusa, 'yata. Abin da uwar mijina ta yi mini, na rantse ba zan yi wa 'yar wani ba. Ga shi na kusa yi miki. Ungo, shanye."

Husna ta haɗiye, hawaye na bin kumatunta. Ta yunƙura za ta durƙusa, Inna ta riƙe kafaɗarta.

"A'a, bar mini ƙafar nan ta huta. Bayan Sallah kawunnansa za su zo sa rana, kuma ina so ki taka da ita ki shigo ɗakina."