Albashin da Ya Biyo Zahara daga Barmou

Zahara ta shigo gida bayan la'asar, ta jefar da jakarta kusa da turmi, ko kallon furar da mahaifiyarta ta dama ba ta yi ba.

— Inna, ashe rabin albashin Nafi'u nika amsa. Aiki guda, diflom guda!

Shekarar da aka karya darajar sefa ce. Gero ya yi tsada a Tahoua, mahaifinta kuma tunda ya tafi biɗa Abidjan shiru kake ji, ita ke riƙe da gidan. Nafi'u shi ne wanda za ta aura, makarantar kuɗin da suke koyarwa kuwa ta ƙanen mahaifinsa ce, Alhaji Almustafa. Ranar ɗaukarta Alhaji ya tambaye ta nawa ake ba ta a Barmou, inda ta yi koyarwar sa-kai, ita kuma sarkin gaskiya ta faɗa. A kan wannan ya yanka mata albashi. Nafi'u ba wanda ya tambaye shi komai.

Da ta kai kuka, Alhaji ya murtuke.

— Namiji ka ɗaukar gida, ɗiyata. In kin kai ƙarata anspeksiyon, wurin hukumar aiki, ki nemi wani miji.

Ta yi kuka har idonta ya kumbura, don tana son Nafi'u, tana kuma jin zafin abin. Ta ce wa Nafi'u ba za ta kai ƙara ba, amma ba za ta ce an yi mata daidai ba. Nafi'u bai iya musu da babba ba, sai ya tafi wurin kakarsa Balaraba, mahaifiyar Alhaji, ya zayyana mata komai.

Tsohuwa ta aika aka kira ɗanta, ta dube shi sama da ƙasa.

— Almustafa, da ubanka ya tahi biɗa ya manta da mu, wane namiji ya cishe ka? Da tabarmin da nika saƙa ka yi karatun lakkol. Su ma rabin kuɗɗi masu saye ka ba ni, wai ni mace ta. Ashe kai ma cikinsu kake.

Alhaji ya sunkuyar da kai. Ƙarshen wata aka daidaita albashin, bayan Sallah aka ɗaura aure, shi da kansa ya karɓa wa Nafi'u.

Haƙurin Zahara bai hana ta faɗin gaskiya ba, shi ya sa ya amfane ta. Ku masu ɗaukar aiki, ku dubi aikin mutum ku biya shi. Wanda ya auna mace da ƙwarar da aka yi mata a baya, ya ƙware ta sau biyu.