Gado Mai Dogayen Ƙafafu

Teburin ɗinki ta ba wani kafinta ya yi mata. Da ta koma ɗauka, sai ta tarar tebur ya kawo mata ƙirji.

"Malam kafinta, a tsaye zan riƙa taka keken?"

Ya sunkuyar da kai. "Yi haƙuri. Hannuna ne ba ya yarda ya yanke ƙafa gajera."

Ta fasa faɗan, don idanun nan nasa sun riga sun gama da ita. Sai da suka shaƙu ya gaya mata dalili. Shekara uku da suka wuce ambaliya ta afka gidansu da rana tsaka, ƙanwarsa na barci a katifa a ƙasa. Shi kaɗai ya fito. Tun ranar, hadari na haɗuwa jikinsa ke ɗaukar rawa.

Da maganar aure ta taso, babanta ya taɓe baki. "Ƙato da gemu, yayyafi ya sa shi hawa benci? Ga ɗan abokina mai shagon waya, namiji sosai!"

Namiji wai! Gwarzon da ko takalminsa bai taɓa jiƙewa ba. Jarumtarsa duka ita ce ya laɓe ranar da aka tafka ruwa, ya ɗauki bidiyon kafinta tsugune a kan teburin aiki yana karkarwa, ya tura wa kowa har da ita.

Da yamma saƙon kafinta ya shigo: "Telata, ki bi maganar Baba. Ban warke ba, ban kuma san ranar warkewa ba."

Ranta ya ɓaci. Ta kai wa Baba wayar. "Baba, a daina dariyar, a duba abin da ke ƙirjinsa."

'Yar maƙwabcin shagon kafinta ce rungume a ƙirjinsa, 'yar shekara biyu. Sai da ya tsallaka titi cikin ruwan ya sunkuce ta, sannan ya hau teburin. Mai bidiyo kuwa yana ƙarƙashin rumfa, a bushe.

Baba ya kalla sau biyu, ya ce kafinta ya turo magabatansa.

Ta rubuta wa kafinta: "Dogona, wa ya ce maka warkakke nake nema? Ka fara gadonmu. Kar ka kuskura ka rage ƙafar."

Ranar aure gwaggonninta suka ga gado, suka kwashe da shewa: "Da tsani amarya za ta hau?"

Ko kallo ba su ishe ta ba. A gefen gadon ya ajiye mata 'yar matattakala mai hawa biyu, abu gajere na farko da hannunsa ya yarda ya yanka a shekara uku. Ta taka ta hau.

Allah ya ba su zaman lafiya.