Ruwan Moɗa da Ruwan Sama

A garin Kabo akwai wata yarinya mai suna Sabuwa. Tana da ƙane, Muzammil, mai lalurar galahanga. Ya isa shiga makaranta, amma ba ya magana. In yana son abu, sai ya ja gefen hijabinta. Nan take take ganewa.

A lokacin man fetur ya yi wuya. Da ƙyar Inna ta samu motar kai shi asibiti a Kano. Ta dawo da shawarar likita.

"In yana son ruwa, ki riƙe moɗa inda zai gani," in ji Inna. "Ki ce 'ruwa', ki ɗan jira. Ko 'ru' ya ce, ki ba shi."

Sabuwa ta turo baki. "Ba zan yi ba, Inna! Ƙanena ne zai roƙi ruwa a gidan ubansa? Ni ce bakinsa!"

"Ba roƙo ba ne, koyo ne."

"Ko ma mene ne, ban da ni."

Duk lokacin da Inna ta ɗaga moɗa, sai Sabuwa ta faki ido ta ba shi a kofi.

Wata Asabar Sabuwa ta tafi Islamiyya, Inna ta tafi barka. Aka bar Muzammil wurin maƙwabciyarsu, Goggo Gwamma. Da Sabuwa ta dawo, ta tarar da shi a ƙasa, ya yi kuka har muryarsa ta dushe.

"Na ba shi ƙosai, ya watsar. Na ba shi rake, ya jefe ni," in ji Goggo. "Yaron nan dai ba zai taɓa magana ba."

Sabuwa ta ɗebo ruwa da sauri. Ya shanye tas. Ta gane ba kullum za ta kasance kusa da shi ba. Ta ɗaga kai.

"Zai yi, Goggo! Wallahi zai yi!"

Tun daga ranar ita ke riƙe moɗa. Ta faɗi kalmar, ta jira. A hankali "ru" ta fito, daga baya ta cika "ruwa".

Ranar da aka yi ruwan sama na farko, Muzammil ya tsaya a bakin ƙofa. "Ruwa!"

Sabuwa ta rugo da moɗa. Ya ture ta, ya nuna sama.

Inna ta yi dariya har da hawaye. "Ba nema yake ba, Sabuwa. Gaya miki yake yi!"

Yara, in kuna son ɗan'uwanku, kada ku riƙa yin magana a madadinsa. Ku yi haƙuri, ku ba shi dama ya faɗa da bakinsa.