Motar da Aka Rufe wa Baki

Da hantsin ranar Alhamis Faisal Abdulrauf ya faɗo garejin kanikawa na bayan tasha a Dutse da jar Civic ɗinsa, ya fito ko ƙofa bai rufe ba.

"A buɗe min injin nan yanzu, a gaban kowa!"

Isah, bakaniken da rumfarsa ke jikin ta Muntaka, shi ya kwance murfin saman injin. Yana leƙawa ya ja da baya yana salati. Kamshaf ɗin da Faisal ya yo odarsa daga waje, wato sandar ƙarfen nan da ke juyawa tana buɗe bawul tana rufewa, babu shi. An maye gurbinsa da wani gama-gari, irin wanda ake tsinta a wajen 'yan gwangwan.

Duk Dutse an san motar nan. Tun da aka sa mata wannan kamshaf take da wani kuka, ƙas-ƙas-ƙas kamar keken ɗinki, wanda ko daga bayan katanga aka ji an san Faisal ne zai wuce. Da ita yake cinye samari a wasan mota ranar biki. Kuma hannu ɗaya ne ke taɓa injinta: na Muntaka, wanda ya yi mata sabis a farkon makon. Faisal bai tsaya wata tambaya ba. Ya cakumi wuyan rigar Muntaka, ya kira shi ɓarawo har muryarsa ta dushe, mutanen da suka kawo gyara suna kallo. Kafin azahar Muntaka yana bayan kanta a ofishin 'yan sanda, ƙungiyar kanikawa kuma ta sa kwaɗo a rumfarsa.

Sufeto Munira Talha aka miƙa wa binciken, tare da gargaɗin cewa mahaifin Faisal ya riga ya bugo waya, ranar Litinin a kai yaro kotu. Munira ba ta son a gaya mata ƙarshen aiki tun ba ta fara ba. Abin yana ƙona mata rai, wallahi, kuma ba ta iya ɓoyewa.

Ta sa aka fito da Muntaka. Siriri ne, baƙin mai ya zauna masa a ƙarƙashin farce.

"Kai ka buɗe injin?"

"Ni na buɗe, ranki ya daɗe. Na canza mai, na yi setin tafet."

"Mene ne setin tafet?"

"Akwai ɗan fili da ake bari tsakanin bawul da abin da ke danna shi. Shi ake aunawa. Kamshaf ɗinsa yana son fili fiye da na sauran motoci, shi ya sa take kuka."

"Da me kake aunawa?"

"Da gej. 'Yan siraran ƙarafa ne, kowanne da kaurinsa. Kuma sai injin ya huce."

"Ina kamshaf ɗin?"

Ya ɗago ya dube ta. "Ranki ya daɗe, ko an sake ni, in dai ba a samo shi ba, na gama aiki a garin nan. Wa zai bar wa ɓarawo makullin motarsa?"

Rantsuwa ta sha jin ta a ɗakin nan, daga masu gaskiya da maƙaryata, duk murya ɗaya. Ta aika aka ɗauko Malam Gwadabe, shugaban kanikawan, dattijon da shi da kansa ya sa kwaɗon. Da la'asar, bayan jar motar ta huce a harabar ofis, ya sa tabarau ya bi bawul ɗin ɗaya bayan ɗaya da gej. Yana yi yana tsaki.

"Baba, me ka gani?"

"Shirme na gani, 'yata. Wannan ya yi faɗi, wancan ya fi shi, na gaba kamar ƙofar zaure. Ba da gej aka yi ba, da kunne aka yi. An sassauta su ne kawai don motar ta ci gaba da kuka, kada mai ita ya farga da wuri."

"Muntaka zai yi irin wannan aikin?"

"Ko da zazzaɓi ba zai yi ba. Amma kada ki ce na wanke shi. Mai wayo yana iya ɓata aikinsa da gangan."

Gaskiyarsa ne, kuma Munira ta ji daɗin da bai yi wa yaronsu kara ba.

Washegari ta fara da Isah, don a akwatinsa ake ajiye makullan motocin da suka kwana a gareji, kuma an gaya mata shi da Muntaka ba sa ga maciji saboda kwastoma.

"Ba ka son Muntaka."

"Ba na son sa, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ranar da motar ta kwana ina Taura wajen jana'izar kawuna, makullin akwatin ma a hannun Malam Gwadabe na bar shi."

Ta buga waya Taura, ta kuma tambayi Malam Gwadabe. Haka ne. Ta sallame shi.

Sai ta kira Faisal, ta sa shi ya ba ta labarin motar tun daga fitowarta gareji. Ya ce Talata da yamma ya ɗauke ta, ya lallaɓa cikin cunkoso zuwa gida a Takur. Alhamis ya hau babban titi, ya take totur, mota ta ƙi gudu yadda ta saba.

"Laraba fa?"

"Laraba ban hau ta ba."

"Tana gida?"

Ya sosa ƙeya. "Jamilu ya ara. Ƙanin matata ne. Ai shi ɗan gida ne, Sufeto, kada ki ɓata lokacinki."

Oho! An yini da mota a hannun wani, amma mai ƙara bai ga dalilin faɗa ba saboda ɗan gida ne. Munira ta ɗauki jakarta.

Ta tarar da Jamilu a ƙofar gidansu yana goge wata farar Civic, ƙirar shekara ɗaya da ta Faisal. Yaro ne mai fara'a, ya yi makarantar koyon sana'a, kuma daga ganin akwatin sifanun da ke zaure shi yake taɓa motarsa da kansa.

"Me ya sa ka ari motar yayanka alhali kana da taka?"

"Tawa ba ta da lafiya ranar, ranki ya daɗe. Kayan biki na kai Ringim, gobe Asabar ake ɗaurin auren abokina."

"Yanzu ta warke?"

"Garau."

"Tayar min da ita."

Ya murɗa makulli yana murmushi. Munira ta sunkuya ta kasa kunne a jikin bonet. Babu ƙas, babu ƙis. Shiru, sai ɗan gurnanin salansa.

"Kin ji ko? In da kamshaf ɗin Yaya Faisal ne a ciki, ai da tun daga kwanar can kin ji shi."

Ta yi masa sallama ta tafi. A hanya ne abin ya tsaya mata a rai. Ba ta ce masa kuka take nema ba, shi ya kawo zancen. Sannan tsohuwar mota ce wadda ta ga duniya. Ita ma tana da tsohuwar mota, ta san babu wadda ba ta da ɗan surutunta. Wannan shirun ya yi yawa.

Kai tsaye ta wuce gareji.

"Baba, in mutum ya sa wannan kamshaf a motarsa, yana iya rufe masa baki?"

Malam Gwadabe ya ajiye kofin shayinsa. "Yana iyawa. Sai ya matse tafet ɗin har filin ya kusa ƙarewa."

"To me ya sa Muntaka bai yi wa Faisal haka ba?"

"Don ba mahaukaci ba ne. Ƙarfe in ya ɗau zafi miƙewa yake. In babu fili, bawul ba zai rufe ruf ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa tana cin sa. A cikin gari a hankali za ta ɗan jure. Amma a ba ta wuta sosai, bawul ya ƙone."

Munira ta shiga lissafi. Ɓarawon nan ya sa kansa a tsaka mai wuya. Ya bar filin, duk gari ya ji kukan ya gane. Ya matse, mota ta kashe kanta. Ba ta da hujjar da za ta sa a ba ta izinin buɗe injin Jamilu, Faisal kuma ba zai taɓa yarda ba. Amma gobe akwai biki a Ringim, kuma wanda ya saci irin wannan abu ba don ya lallaɓa zuwa kasuwa ya sata ba.

"Baba, kana da mutane a Ringim?"

"Duk inda ake riƙe sifana a Jigawa ina da mutane."

"Ka gaya musu, duk farar Civic da aka kawo tana tari, kada a hana mai ita gyara. A buɗe a gabansa, a kira ni."

Ranar Asabar ta yini da waya a hannu. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, shiru. Sau biyu ta bi ta gaban inda aka tsare shi, sau biyu Muntaka ya miƙe yana kallon fuskarta, ba ta da abin gaya masa. Tsoro ya kama ta sosai, don in hasashenta ya faɗi, jibi da hannunta za ta kai shi gaban alƙali.

Lahadi da safe wayar ta yi ƙara. Wani Habibullahi ne, bakanike a Ringim. An janyo masa farar Civic da igiya daga filin biki. Jiya, in ji shi, ta ba kowa mamaki, ta yi ta juyi tana barin motocin samari a baya, sai can ta fara tari, ta rasa ƙarfi, ta mutu a tsakiyar fili. Mai ita ya so a bar ta a rufe har ya nemo motar da za ta janye ta, amma uban ango ya matsa a duba masa ita, kyauta ma.

Munira ta ɗauki Faisal da Malam Gwadabe, ba ta gaya wa Faisal inda za su ba sai da suka hau hanyar Ringim. Suka tarar da saman injin a kwance a kan buhu, Jamilu yana zaune a benci ya haɗa kai da gwiwa. Habibullahi ya ɗaga bawul biyu, gefensu ya cinye kamar ɓera ya gaigaya. Kamshaf ɗin kuwa ga shi nan yana ƙyalli, da rubutun kamfaninsa a gindi. Faisal ya ɗauka, ya juya shi.

"Ranar Laraba ba ka je ko'ina ba," in ji Munira ga Jamilu. "Ka shigar da motocin biyu gida, ka musanya. Ta yayanka ka sassauta mata tafet da kunne don ta ci gaba da kuka. Taka ka matse don ta yi shiru. Ka zaɓi ranar ne don ka san Muntaka ya buɗe injin, laifin zai faɗa kansa. Ko na yi ƙarya?"

"Aro na yi," ya ce a hankali. "Bayan biki zan mayar. Kullum shi ake tafa wa, ni ina baya ina shan hayaƙinsa."

"Da aka kulle Muntaka fa? Shi ma aro ka yi?"



Faisal ya ja Munira gefe, murya ƙasa-ƙasa. "Sufeto, don Allah a bar maganar nan a gida. In Nabila ta ji ƙaninta yana kotu, gidana ba zai zaunu ba. Na janye."

Kai, ran Munira ya ɓaci. "Da Muntaka ne, kotu kake so, har da wayar mahaifinka. Janye ƙara hakkinka ne, zan kai wa na gaba da ni. Amma a gida ka kira shi ɓarawo? Inda ka faɗa, can za ka je ka warware, kai da Jamilu, da bakinku. In ba haka ba, ni zan je in faɗa, kuma ba zan rage komai ba."

Litinin da hantsi, lokacin da gareji ya fi cika, Malam Gwadabe ya cire kwaɗon da hannunsa. Faisal ya tsaya a tsakiyar fili ya faɗi abin da ya faru, da farko ciki-ciki, sai da dattijon ya ce ba a ji daga baya sannan ya ɗaga murya. Jamilu ya amsa laifinsa kansa a ƙasa. Isah ne ya fara zuwa ya ba Muntaka hannu.

Faisal ya matso da kamshaf ɗin naɗe a tsumma, ya miƙa masa. "Ka yafe min, Muntaka. Ga shi, ka mayar mata. Babu wanda ya san ta kamar kai."

Muntaka ya dubi tsumman, bai karɓa ba.

"Na yafe maka, Alhaji, har ga Allah. Amma shekarun nan duka ina riƙe da makullinka, ko sau ɗaya ba ka tambaye ni ba kafin ka kama wuyana. Ka nemi wani bakaniken."

Ya juya ya shiga rumfarsa, ya fara kakkaɓe benci. Munira ta tsaya har ta ga wani mai tasi ya tura motarsa ƙofar rumfar ya miƙa masa makulli, sannan ta tafi ofis.